Layi Bakwai a Gonar Baffa Sambo

Aiki na farko da Kawu Inusa ya ba ni a shagonsa na taki da ke unguwar Lamashegu a Tamale shara ce. Ina ajin farko na sakandare a lokacin, nakan zo bayan an tashi daga makaranta. Ya miƙo mini tsintsiya da faifai, ya ce duk ƙwayar takin da ta zube a ƙasa in tara ta, in zauna in ware kowace da danginta. Na ɗauka wasa yake yi. Wata uku na yi ina wannan aikin kafin ya bar ni na taɓa sikeli. Yanzu shekarata tara a shagon, ina haɗa shi da karatu, kuma duk hutu sai matasa sun zo neman aiki suna cewa, "Ai ba wuya, a ɗaga buhu ne a karɓi kuɗi." Saboda su nake rubuta wannan.

A kan faifan nan na san taki. Kompawun, wanda ake fara sa wa masara, ƙwayarsa ruwan toka ce, wani lokaci da ɗan ja-ja, kuma tana da tauri. Amoniya fara ce, mai kaifi-kaifi kamar gishirin da ba a niƙa ba. Yuriya ma fara ce, amma ƙwayarta a mulmule take kamar ƙwan kifi, kuma in ka riƙe ta a tafin hannu mai gumi za ka ji sanyi yana ratsa ka tana narkewa. Kawu yakan rufe mini ido da hularsa, ya zuba mini kaɗan a hannu, ya ce, "Wane ne wannan?" In na faɗa daidai ba ya cewa komai. In na kuskure sai ya ce, "Kin kashe gonar wani. Sake."

Kayan aikinmu ba su da yawa. Sikeli mai ƙugiya da ake ratayawa a ƙarfen rufi, kwanon awo guda biyu, wuƙar farke buhu, basilla da zaren ɗinke shi, da katakon da ake jera buhuna a kai don kada su sha danshin siminti. Buhun yuriya in aka buɗe shi da damina aka bar shi ya kwana, da safe za ka same shi ya dunƙule kamar dutse. Saboda haka duk buhun da aka farke, kafin a rufe shago sai an ɗinke bakinsa. Ɗinkin nan ne aikina na biyu, kuma har yau akwai tabon basilla a babban yatsana na hagu.

Amma babban kayan aiki a shagon taki shi ne lambobi ukun da ke jikin buhu. Kawu bai yi nisa a boko ba, sai dai ban ga wanda ya fi shi karanta su ba. Ranar da ya fara koya mini, ya kwantar da buhun kompawun ya sa yatsa a kan 15-15-15. Ya ce, "Ta farko ta ganye ce. Ta biyu ta saiwa. Ta uku ta ƙwaya da ƙarfin kara. Ba sa canza wuri, ko buhun daga ina ya fito." Daga baya na samu sunayensu a littafin makaranta, naitirojin da fosfaras da fotash, da ƙarin bayanin da manomi ba ya bukata. Abin da yake bukata shi ne ya san kowace lamba kashi ce cikin ɗari. Buhu kilo hamsin ne. In an rubuta sha biyar, to kilo bakwai da rabi ne na wannan abincin a cikinsa. Sauran nauyin, abin da ke riƙe da su ne.

Sifili ma lamba ce, kuma ita matasa suka fi tsallakewa. Yuriya 46-0-0 ce. Ma'anarta tana cike da abincin ganye, ba ta da ko ƙwayar abincin saiwa ko na tsaba. Amoniya 21-0-0 ce, da wani sinadarin da ake rubutawa a gefe. Aiki iri ɗaya ake sa su, launinsu ɗaya, amma a sikeli yuriya ta ninka amoniya ƙarfi har da ɗoriya. A kwano bambancin yakan ɗan ragu, don yuriya ba ta kai amoniya nauyi ba, amma duk da haka ta wuce sau ɗaya da rabi. Wannan na gwada shi da kaina a sikeli, na rubuta a bayan littafina na lissafi.

Masu saye kuwa ba da lamba suke zuwa ba. Wani zai ce, "Ba ni koren buhun nan na bara." Kamfani ya canza abin da ke ciki ya bar launin buhun yadda yake, shi bai sani ba. Wani zai ce a ba shi mai hoton masara. Na tuna wani manomin gyaɗa, Badagombe, da ya zagaya shagon yana duba buhuna, ya tsaya a kan 23-10-5 ya ce shi wannan yake so, don lambarsa ta fi girma. Kawu ya tambaye shi, "Ganye za ka kai kasuwa ko gyaɗa?" Ya bayyana masa cewa gyaɗa da waken suya suna iya samar wa kansu abincin ganye, abin da suke nema lamba ta biyu ce. Mutumin ya ce Kawu yana so ne ya sayar masa da kwantai. Sai da suka yi rabin sa'a, Kawu da Dagbancinsa mai gargada, shi da Hausarsa mai gargada, kafin ya yarda. Wannan shi ne aikin. Ɗaga buhu kowane ƙato zai iya.

Mafi haɗari a cikin cinikinmu shi ne awon kwano. Ba kowa ke iya sayen buhu ba. Mai ƙaramar gona zai ce a auna masa kwano uku, ko biyar, a zuba a baƙar leda, wadda mu a nan muke ce wa roba. To in aka yi haka, lambar tana zama a shago, takin ya tafi gona tsirara. Babu abin da zai gaya wa manomi me ke hannunsa sai bakin wanda ya auna. Kawu ya sha faɗa mini haka. Ni kuwa bakina ne ya fi komai nauyi a jikina. Na fi son a bar ni da ɗinki da lissafi a bayan buhuna, wani ya yi magana.

Sai ga mummunar shekarar nan, wadda duk mai sayar da taki a Tamale yake tunawa. Takin rangwame bai iso da wuri ba, farashi yana tashi kowane mako, ruwa kuma ya yi wasa da mutane: ya sauka aka yi shuka, ya ɗauke ta bushe, aka sake. A tsakiyar damina amoniya ta ɓace daga gari gaba ɗaya. Kawu ya koma wuni a depo, inda ake sarin taki, yana jiran mota, tun asuba har la'asar, ni ce a shago. Abin da ya rage mana buhunan yuriya ne kaɗan da wani kompawun da ba mu saba da shi ba. Mutane suna shigowa da fuska a ɗaure, kowa masararsa ta fara yin rawaya, kowa yana so a sallame shi kafin na bayansa.

A bakin shagonmu akwai benci, kuma a kan bencin kullum akwai Alhaji Mahama. Abokin Kawu ne tun suna samari, ya yi noman shinkafa a fadama shekaru masu yawa kafin gwiwa ta zaunar da shi. Mutum ne mai kirki, shi ya saya mini jakar makaranta ta farko. In Kawu ba ya nan, masu saye shi suke ɗauka babba a wurin, shi ma haka yake ɗaukar kansa.

Ranar wata Alhamis da hantsi Inna Dudu ta shigo. Bafulatana ce mai kawo nono da wagashi, wato cuku, cikin gari, rugarsu tana bayan gari. Mijinta, Baffa Sambo, yana noma 'yar gonar masara a inda shanunsu suka kwana da rani. Ba ya sa kompawun, kashin shanu ya ishe shi. Sau ɗaya yake sa amoniya, kuma bai taɓa zuwa shagon da kansa ba, ita yake aikowa. Wannan masarar ce tuwonsu na shekara, don ba sa sayar da saniya a ci sai dole.

Ta sauke ƙwaryarta ta ce, "Ramatu, ina Maigida?"

"Yana depo, Inna."

"Baffanki ya ce farin nan, kwano goma, kamar kullum. Bana masarar ƙarama ce paa, sai da muka sake shuka. Ko gwiwa ba ta kai ba."

Na ce, "Wancan babu, Inna. Sai dai…"

Alhaji Mahama ya leƙo daga benci. "Ga fari can a buɗe, me ake jira? Auna mata, 'yata. Farin taki duk uwarsu ɗaya. Ni da yuriya na yi shinkafa tun ba a haife ki ba."

Gaskiya ya faɗa game da shinkafarsa. Amma shi watsa ta yake yi a fadama mai laima. Baffa Sambo kuwa na san yadda irinsu suke yi: a cika hannu a zuba a gindin kara, yana taɓa shi. Ga masara ƙarama, ga ƙasa da ta riga ta ƙoshi da kashin shanu, ga ruwa ya ɗauke ya fi mako. Duk wannan ya zo mini a kai a lokaci ɗaya, a jere, kamar amsar jarrabawa. Sai dai mutum biyar ne a shagon suna jira, kuma faɗinsa yana nufin in ce wa sa'an mahaifina bai yi daidai ba a gaban jama'a. Na ɗauki kwano na auna goma. Na ce a raina in ta fita zan bi ta waje in gaya mata a hankali. Ina ɗaure bakin robar wani ya miƙo mini tasa bukatar, na bayansa ya fara mita. Da na samu na fita, ta riga ta hau yelo-yelo, keken hayar nan mai ƙafa uku.

Kawu ya dawo bayan la'asar hannu wofi. Alhaji ya riga ya tafi gida. Kawu yana da al'adar bin buhunan da aka buɗe yana ɗaga su da hannu ɗaya. Ya ɗaga na yuriya, ya ajiye.

"Wa ya kwashi wannan haka?"

"Inna Dudu. Kwano goma."

"Kin gaya mata ba irin na bara ba ne?"

Na sunkuya ina neman basilla.

"Ramatu, ni ba na jin shiru. Da baki na tambaye ki."

"Ban gaya mata ba."

"Ba ki sani ba ne, ko kin sani?"

"Na sani, Kawu."

Ya zauna a kan buhu ya cire hularsa. Ya ce, "Da ba ki sani ba, da laifina ne, da na ji sauƙi." Bai ƙara ba, bai kuma tambayi wa ya ce in auna ba. Ba mu da lambar wayarsu. Rugar ta tashi daga inda Kawu ya santa tun farkon damina, masu nono kuwa duk sun koma gida a wannan lokacin. Babu wanda za a tambaya sai da safe. Ya ce in ɗinke buhun, in nemo tsohon buhun amoniya wofi da na yuriya wofi in naɗe su. An ce mota za ta iso depo washegari da sassafe, kuma shi ne na huɗu a layi. Ya ce layin ya jira wani, mu gonar Baffa Sambo za mu nema.

Da gari ya waye muka hau babur muka nufi bakin titin Sakasaka, inda matan Fulani ke zama da ƙorensu. Fatana in ga Inna Dudu a cikinsu, robar tana can a rataye a bukka ba a taɓa ba. Ba ta nan. Kawu ya gaida su, ya tambaya. Wata dattijuwa ta ce, "Dudu? Yau ba ta zuwa. Suna sa taki." Ta yi mana kwatance: a wuce Kanvili, a bar kwalta, a bi hanyar shanu har a ga itatuwan kaɗanya uku a jere, gonar tana gangare kafin dam. Sau biyu muka ɓata. A wuri ɗaya yashi ya kama tayar babur sai da na sauka na tura. Duk hanyar ina duban sama, babu ko gajimaren kirki.

Mun same su su uku a gona: Baffa Sambo, Inna Dudu, da ƙaninsa, kowa da ƙwarya a hannun hagu. Daga nesa na ga yadda hannayensu ke tafiya, a ɗiba a zuba, a ɗiba a zuba, ba sa ko sunkuyawa sosai. Masarar kore shar, ƙarama, mai kyau. A gindin kowane kara akwai farin tsibi.

Aka yi gaisuwa. Gaisuwar Fulani ba a yanke ta, sai an tambayi gida da shanu da gajiya, ni kuwa ina kallon ƙanin Baffa da bai tsaya ba, yana ci gaba da zubawa. Da aka gama Baffa Sambo ya ce, "Maigida, lafiya da kanka?"

Kawu ya jingina da babur ya ce, "Ni yau direba ne. Ga mai magana."

Suka juyo gare ni. Na ce, "Baffa, don Allah a tsaya da zubawa tukuna." Ya ɗaga wa ƙaninsa hannu. Na shimfiɗa buhunan biyu a ƙasa na danne su da duwatsu. Baffa ba ya karatun boko, amma lamba ya santa, don yana da waya kuma yana ƙidayar shanu. Na nuna masa ashirin da ɗaya a buhun da ya saba saye. Na nuna masa arba'in da shida a wanda na auna jiya. Na ce in aka raba kowanne kashi ɗari, wannan lambar ita ce abincin da ke ciki. Na jiya ya fi ƙarfi nesa, kuma in ya taɓa kara ƙarami ba ruwan sama, ƙona shi yake yi.

Ya durƙusa ya daɗe yana duban lambobin. Ya ce, "Wato na bara nono ne da aka sirka da ruwa. Wannan kindirmo ne."

Inna Dudu ta ce, "Ka nemi wani misali. Ni ban taɓa sirka nono ba."

"Ban ce ke ba. Na ce aka."

Ba wanda ya yi dariya sai Kawu, shi ma kaɗan. Baffa ya miƙe ya dube ni. "Jiya da kike aunawa, kin san haka?"

"Na sani, Baffa."

"To me ya rufe miki baki?"

Na dubi buhunan da ke ƙasa. Ya ce, "Ana cewa rashin sani ya fi dare duhu. Wanda ya sani ya yi shiru fa, me za a ce da shi?" Bai jira amsa ba. Ya ce, "Yanzu me za a yi? Faɗa."

Gonar layi talatin da ɗaya ce, na ƙidaya. Bakwai sun sa musu tun yammacin Alhamis, da Inna Dudu ta dawo daga gari. Sha biyu sun yi da safiyar nan. Sauran ba a taɓa ba. Na ce a fara da na safe, tun takin bai gama narkewa ba. Muka bi su mu biyar a durƙushe, muna kwashe tsibin da hannu, a mayar da kusan rabi cikin ƙwarya, sauran a ja shi nesa da kara kamar faɗin tafin hannu, a tona rami da tsinke a binne. Binnewar dole ce, don yuriya in ta zauna a sarari rana tana sha, ƙarfinta iska yake bi. Raɓa ta riga ta narkar da ƙasan kowane tsibi, hannu yana daɓewa, duk inda kake da ƙaramin yanka yana zafi kamar an sa barkono. Kawu da ciwon bayansa ya yi layi biyu cur. Ga waɗanda ba a taɓa ba, na ciro murfin kwalbar lemo daga jakata na nuna musu awo: murfi ɗaya a shafe ga kowane gindi, a binne, kuma a jira sai ƙasa ta jiƙa.

Daga nan muka je ga layi bakwai na Alhamis. Babu abin kwashewa. Takin ya narke cikin dare, sai wani zobe mai duhu da laima a zagaye da kowane kara. Ganyen bai nuna komai ba tukuna. Baffa ya sa yatsa a ƙasar ya shinshina.

"Waɗannan fa?"

Na ce, "Ruwa ne kawai zai cece su, mai yawa, ya wanke shi ƙasa."

Ya dubi wajen dam. Akwai nisa, ruwan ya ja baya, kuma shi shanu ke sha. Ya ce za su ɗebo abin da za su iya. Muka bar su suna neman jarkoki. Kawu ya rasa motar depo, ya kuma kusa rasa Juma'a.

Kwana biyar aka yi ba ruwa. Ina awo ina leƙa sama ta ƙofar shago. Duk yelo-yelon da ya tsaya a gaban shago sai na duba ko ita ce. A rana ta shida aka yi ruwa mai ƙarfi, amma a Tamale ana iya yin ruwa a Lamashegu bayan Kanvili ƙura na tashi, don haka bai gaya mini komai ba. Inna Dudu ba ta biyo ta wajenmu ba. Na roƙi Kawu mu koma mu gani, ya ce a'a, zuwanmu ba zai tsirar da kara ko ɗaya ba, kuma mai gona ba ya son 'yan kallo. Alhaji Mahama yana nan a bencinsa kamar kullum. Kawu bai gaya masa komai ba, ni ma haka.

Sai da aka yi mako biyu ta zo. Ta sauke ƙwarya, ta gaida Alhaji, ta gaida Kawu da ke ɗinkin buhu a ciki, ta tambayi gida da kasuwa. Ni ina tsaye da kwano a hannu. Sai can ta juyo.

"Na safiyar Juma'a gefen ganyensu ya ƙone, amma sun tashi. Waɗanda ba a taɓa ba mun sa musu da murfinki bayan ruwa, sun yi kyau, ganye ya yi baƙi ƙirin." Ta gyara mayafinta. "Bakwai ɗin nan sun tafi. Sun bushe tun daga ƙasa, sai ɗaiɗai. Baffanki ya shuka wake a wurin."

Layi bakwai cikin talatin da ɗaya. Na san abin da hakan yake nufi a rumbunsu, ita ma ta sani. Na ce, "Inna, ku yafe mini." Ta ce, "Ya wuce," kamar yadda ake faɗa, ba ta ƙara ba.

Sai ta kwance wata roba da ta goyo a bayanta ta ɗora a kan tebur. Ragowar yuriyar ce, wajen kwano huɗu, ta fara dunƙulewa. Ta ce Baffa yana tambaya, waken da ya shuka in ya fito, a sa masa wannan, ko yaya?

Alhaji Mahama ya gyara zama. "Me zai hana? Taki ai taki ne. A watsa masa, kada a yi asara."

Akwai mutum uku a shagon. Kawu bai ɗago daga ɗinkinsa ba, amma basillar ta tsaya. Na ajiye kwanon.

"Alhaji, gafarta mini. Ba a sa wa wake wannan."

Ya dube ni ta saman tabarau. Na ci gaba, don in na tsaya ba zan iya sake farawa ba. Na ce wake yana yin abincin ganyensa da kansa, kuma ƙasar layin nan ta riga ta sha yuriya fiye da kima. In aka ƙara, yaɗo zai yi ba 'ya'ya. A bar ragowar ga masara, a ƙara mata murfi ɗaya kafin ta fitar da tuta, bayan ruwa, a binne. A ɗaure bakin robar sosai a rataye ta sama inda shanu ba za su kai ba.

Alhaji ya ce, "Inusa, ka ji 'yarka tana gyara mini karatu?"

Kawu ya ce, "Ina ji. Ka saurara, kyauta ne."

Alhaji ya yi 'yar dariya ya koma ga carbinsa, amma ranar da wuri ya tafi gida, kuma sai da ya kwana uku bai zo benci ba.

Inna Dudu ba ta kula su ba. Ta matso kusa da tebur ta ce, "Sake faɗa, a hankali. Ni zan kai masa, ba na so ya zube a hanya."

Na sake faɗa. Na ce ta maimaita mini. Ta ce wake ba a ba shi, masara murfi ɗaya, bayan ruwa. Ta manta binnewa. Muka koma daga farko. Sai da ta faɗa daidai sau biyu a jere na ɗaure bakin robar na miƙa mata.